Mun Mutu Cikin Ladabi

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da labarin rasuwar Baffa Haladu ya iso ni ba. Ina zaune a wani shagon mamak, wato gidan abincin Indiyawa Musulmi, a unguwar Sri Petaling, an ajiye mini roti, irin gurasarsu, da shayi, sai ga wayar 'yarsa Ummi. A nan Kuala Lumpur Ummi ta tashi, Hausarta ba ta da ƙwari, kullum da Turanci take mini magana. Ranar kuwa da Hausa ta ce, "Yaya, Abba ya rasu." Na yi ta maimaita innalillahi, na bar rotin a wurin, na kama hanyar gidansu a Cheras. Alheran da Baffa ya yi mini suna da yawa, amma a cikin motar ba su ne suka fara zuwa mini ba. Ranar da na kunyata kaina a gabansa ce ta zo, har na kama kaina ina murmushi da hawaye a fuska.

Baffa aminin mahaifina ne tun suna yara a Kano. Kyaftin ne na jirgi mai saukar ungulu, irin wanda yake kai ma'aikatan mai zuwa dandamalan haƙa da ke tsakiyar teku. Ya yi aikin a gida, daga baya ya dawo Malesiya, kuma shi ya jawo ni bayan na gama makarantar tuƙi. A gidanmu idan Baffa ya shigo, durƙusawa muke yi. Ban taɓa kallon ƙwayar idonsa ba, balle in ce masa ya yi kuskure.

Lokacin ina sabon zuwa, kuma ina ji da kaina sosai. Na haddace littafin jirgin, na iya komai a baki. Idan zan je cin tuwo wurin ɗaliban ƙasarmu da ke unguwar Danau Kota, da farar rigar aiki nake zuwa (ko ranar da babu aiki, Allah ya yafe mini). Suna ce mini "Pilot", ina amsawa a hankali kamar na gaji da sunan. Abu ɗaya ya rage a sake ni in fara tashi zuwa teku: jarrabawar ƙarshe a simuleta. Idan na faɗi, kamfanin yana iya sallama ta, takardar zamana ta mutu, in koma Kano in yi wa mahaifina bayani.

Simuleta wani ƙaton akwati ne a kan ƙafafun ƙarfe, a wani gini kusa da filin jirgin Subang. Cikinsa sak wurin tuƙin jirgi ne. Yana girgiza, yana karkata, kana ganin teku da gajimare ta gilashi har ka manta a ɗaki kake. Mai jarrabawar, wani Bamalesiye mai suna Kyaftin Rosli, ya zauna a bayanmu. Da na ga Baffa aka sa a kujerar dama, wato kujerar kyaftin, sai hankalina ya kwanta. Na ce a raina, yau da ɗan gida zan tashi.

Ga yadda ƙa'idar take. Matuƙa biyu ne a jirgin, ɗaya yana tuƙi, ɗaya yana sa ido. Dandamalan nan kama suke da juna, wani lokaci biyu ko uku a kusa, shi ya sa ake rubuta sunan kowanne da manyan baƙaƙe a filin saukarsa. Kafin a sauka, dole mai sa ido ya karanta sunan da ƙarfi. Idan ba shi ba ne, ya ce "Go around", wato a fasa saukar a koma sama. Idan kyaftin bai saurara ba, ya sake faɗa. Idan har yanzu bai saurara ba, ya ce "I have control", ya karɓe tuƙin, ko da kakansa ne a kujerar. Dalilin a fili yake: dandamalin da bai san da zuwanka ba, bai tsayar da aikinsa ba, bai kuma shirya masu kashe gobara ba. Duk wannan na sani. Da an tashe ni daga barci sai in karanto shi.

Tafiya ta yi kyau. An kashe mana inji ɗaya, na bi matakan ba gargada. An turo mana hadari, muka kauce. Har na fara tunanin abin da zan faɗa a Danau Kota. Sai muka doshi dandamalai biyu, Alfa da Bravo. Mu Alfa aka aike mu. Baffa yana tuƙi, ni ina sa ido, ya juya hancin jirgin ya fara gangarawa. Na leƙa, na ga rubutu fari tas, ko makaho ya shafa zai karanta: Bravo.

Bakina ya buɗe zai ce "Go around". Sai na dubi gefen fuskarsa, da furfurar nan, mutumin da aka yi sunana yana wurin. Kalmomin suka maƙale. Yaya zan daka wa Baffa tsawa, a gaban baƙo kuma? Sai na zaɓi hanyar da aka koya mini a gida. Na bar Turancin da doka ta ce a yi, na koma Hausa, na sassauta murya.

"Baffa."

"Na'am."

"Allah ya ƙara lafiya. Na ce ba."

"Ina jin ka." Jirgi yana ta sauka.

"Wato, ban sani ba ko idona ne, amma sai nake ganin kamar rubutun nan ya ɗan bambanta. Ko da yake kun fi ni sani."

"Madalla," in ji shi, bai ko waiwayo ba.

Filin saukar ya cika gilashi. A gefe ina ganin injin ɗaga kaya yana juyo da dogon hannunsa wajenmu. Na tattara duk jarumtar da nake da ita, na ce:

"Ko dai an sake musu fenti ne?"

Farfelarmu ta daki hannun injin. Akwatin ya yi wata girgiza, gilashin ya koma ja, komai ya tsaya. Baffa ya cire abin kunnensa a hankali, ya juyo ya dube ni, ya ce, "To, ɗana, mun mutu. Amma cikin ladabi."

Na ɗauka iyakar kunyar ke nan. Ashe da saura. A aikinmu, bayan kowace jarrabawa ana zama a saurari muryoyin da aka naɗa, kuma ranar akwai wasu sababbin matuƙa a ɗakin, 'yan Malesiya da wata Ba'indiya. A nan na gane cewa da gangan Baffa ya nufi Bravo, sun shirya da Kyaftin Rosli don su ga abin da zan yi. Aka kunna muryar. Da aka zo wurin Hausar, Kyaftin Rosli ya tsayar, ya ce wa Baffa, "Kyaftin, ko za ka fassara mana? Ban san wannan matakin a littafi ba."

Baffa ya gyara zama. Bai rage ko kalma ɗaya ba. Ana kunnawa yana tsayarwa, yana bayani da Turanci kamar mai tafsiri.

"Nan yana roƙa mini lafiya. Nan yana zargin idonsa. Nan yana tabbatar mini na fi shi sani. Nan kuma," ya ɗan dakata, "yana zargin mai fenti."

Ba'indiyar nan ta kifa kanta a kan tebur, kafaɗunta suna rawa. Kyaftin Rosli ya yi ƙoƙarin daurewa, ya kasa. Ni kuwa ina kallon takalmina (na goge shi da safe har yana ɗaukar ido, ko banza ya yi amfani). Da dariyar ta lafa, Kyaftin Rosli ya ce na faɗi, amma tunda sauran aikin ya yi kyau, zai sake ba ni dama sau ɗaya. Daga ita babu wata.

A motar Baffa muka taho. A hanya na ce, "Baffa, da kun ɗan rufa mini asiri."

Ya ce, "Babanka amanarka ya ba ni. Bai ce in mayar masa da gawa mai tarbiyya ba. Mutanen da za su zauna a bayanka suna da mata da 'ya'ya, ba ruwansu da ni Baffanka ne." Yana faɗin haka ya wuce mahaɗar da za ta kai mu Cheras. Na gani, na yi shiru. Ya wuce ta gaba. Na yi gyaran murya, na ce, "Baffa, kamar dai an ɗan wuce."

"Kamar?"

Muka ci gaba. Sai da na ga allon da ke nuna hanyar Seremban, wani gari can kudu, ga la'asar tana neman ƙwace mana, sannan na gane mutumin nan ba zai tsaya ba sai ya kai mu Singafo. Na rufe ido, na ce da ƙarfi, "Kyaftin, wannan ba hanya ba ce! Juya!"

"Yawwa," in ji shi. "Ashe kana da murya."

Haka ya yi ta yi mini har ranar maimaici. Duk inda za mu je sai ya ɓata hanya, ko ya sa hannu zai ɗauki mukullin da ba nasa ba, yana jira in yi magana. Matarsa Hajiya ta ce mun mayar mata da gida filin daga. A jarrabawa ta biyu wani kyaftin aka sa mini, da ya doshi dandamalin da ba namu ba na yi ihun "Go around" har sai da ya dafe kunne. Na ci. Amma labarin ya riga ni isa Danau Kota (Baffa ya rantse ba shi ya kai ba, na kuma yarda, tunda Hajiya ma tana da waya). Sunan "Pilot" ya mutu. Har yau idan na shiga, sai wani ya ɗago daga kwanon tuwo ya ce, "Mai fenti, ya teku?"

Na yi shekaru yanzu ina kai mutane teku ina dawo da su lafiya. Sau ɗaya abin ya faru da gaske, cikin ruwan sama, da wani kyaftin da ya girme ni nesa ba kusa ba. Na faɗa masa kai tsaye, ya koma sama, da muka sauka ya yi mini godiya. Darasin da na ɗauka bai da tsawo: gaisuwa abu ne mai kyau, amma a gama ta tun a ƙasa, kafin a tayar da inji. Har Baffa ya bar duniya ina durƙusa masa idan na shiga gidansa, shi kuma bai taɓa hana ni ba.

A bana kamfani ya sa sunana cikin waɗanda za a horar su zama kyaftin. Baffa ya riga ya daina tashi, sai koyarwa a simuleta. Da na gaya masa, ya ce shi zai zauna mini a kujerar hagu, ya zama ƙaramin matuƙi mai kunya, ya yi ta roƙa mini lafiya yana zagaye-zagaye, ya ga ko na iya jawo magana daga bakin yaron da yake jin nauyina. Ya ce wannan rabin darasin ne ya fi wuya, kuma bai koya mini shi ba tukuna. An sa mana rana, saura wata ɗaya wayar Ummi ta same ni a shagon nan. Ba mu yi wannan tashin ba.