Rasuwar Mai Tari, Bindigar da Mutumin Minna Ya Bari

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Malam Yusha'u na bayan tasha a Kontagora, wanda manya da yara ke kira Bappa, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na cikin gari, da na Dukku da Rijau da Ibeto, rasuwar bindigarsa Mai Tari, wadda ta cika ranar Talata tsakanin azahar da la'asar, yana tsaye yana kallo.

Kafin wani ya kai magana ofishin 'yan sanda, ana roƙon jama'a su fahimta: marigayiyar ba ta taɓa kwana a ƙarƙashin gadon kowa ba. A cikin kwamfuta aka haife ta, a can ta rayu, cikin wani wasa inda mutum ke yawo a ƙasar da ke da wata biyu a sama, yana harbin dodanni, yana tsintar abin da ya zubo daga jikinsu. A ƙasar nan dodo in ya faɗi sai ya amayar da takalmi ko bindiga, kuma har yau ba wanda ya iya yi wa Bappa bayanin yadda aka yi ya haɗiye su.

Marigayiyar ta zo hannun Bappa ta hanyar ɗansa na fari. Kowa ya san al'ada: uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya zama hira da shi, ba ya nuna ya damu. Shekara talatin da huɗu Bappa bai karya wannan ba. Da ɗan ya tafi Minna aikin haɗa sola, sai ya koma mutumin Minna a bakin Bappa. In ya bugo waya, gaisuwa biyu ce, sai a miƙa wa Mairama uwarsa. Daji kuma ya ƙi zaunuwa, an sayar da ragowar shanu, Bappa ya dawo gari yana kallon bango.

Wata sallah mutumin Minna ya zo da kwamfuta da wani abin riƙewa mai maɓallai, wanda Bappa ke kira linzami. Ya haɗa komai a zaure, ya bar wa Fidelis mai gyaran waya amanar koyarwa, ya koma. Bappa, wanda karatunsa ya tsaya aji huɗu na firamare, ya kwana uku mutuminsa na cikin wasa yana kallon ƙasa yana cin karo da bango. Rana ta huɗu, a gindin wani tankin ruwa mai tsatsa inda kowane baƙo ke farawa, wani mutum mai kwalkwali ya zo ya tsaya gabansa. Ya durƙusa sau biyu. Ya ajiye bindiga a ƙasa, ya ja da baya. Fidelis ya karanta sunan da ke saman kansa, ya ce ai ɗanka ne, daga Minna yake.

Ita ce Mai Tari. Fara ce, kuma a ƙasar nan fari shi ne talaka: sama da shi akwai kore, da shuɗi, da shunayya, da mai ruwan zinare wanda haskensa ke tashi sama kamar an kunna fitila a rijiya. Ba ta da ko ɗaya cikin wannan alfarma. An ɗaure gindinta da tsumma. In za ta yi harbi sai ta fara gyaran murya, ƙehem, sannan ta ce tau, tau, tau, ta huta. In harsashi ya ƙare takan ce ƙyas, a hankali, kamar mai jin kunyar roƙo.

Da ita Bappa ya koyi tafiya. Da ita ya koyi buɗe akwati, da ɓuya bayan dutse, da cewa jan abu a saman allo jininsa ne ba ado ba. Kowace Asabar bayan la'asar mutumin Minna yakan shigo, su bi hanya tare, shi a gaba, Bappa a baya da Mai Tari. Ba su taɓa cewa uffan ba, don kwamfutar Bappa ba ta da abin magana, kuma bai nemi a sa ba. In Bappa ya faɗi, ɗan ya dawo ya tashe shi. In ɗan ya faɗi, Bappa ya ruga ya tashe shi, ba kunya, tunda a ƙasar mai wata biyu ba wanda ya san wane ne ɗan farin wani. Wata bakwai suka yi a haka.

Sai zazzaɓi na kwana biyar ya ɗauke mutumin Minna. Aka kawo shi gida, aka kai shi makwancinsa. Bappa ya karɓi gaisuwa da busassun idanu kamar yadda aka san uba da yi, mutane suna yaba dauriyarsa. Da aka watse ya shiga zaure ya kunna kwamfuta. Mai Tari tana nan a hannun mutuminsa, abu na ƙarshe da ɗan ya miƙa masa.

Jinyarta ta daɗe. Yayin da Bappa ke nisa cikin wasan, fatar dodanni na ƙara kauri, har ya zama harsashinta kamar ana jifan bijimi da gyaɗa. Fidelis ya ce a yar da ita, wai ko mahaukaci ba ya kai farar bindiga inda Bappa ya kai, wai ba bindiga ba ce wannan, tsohuwa ce mai mura. Mairama ta ce a bar masa abarsa. Bappa ya ci gaba da rataya ta a kafaɗa, yana yaƙi da wata, amma in dodo ya kusa faɗuwa sai ya sauko da ita ta yi harbin ƙarshe, don kada ta ji an daina bukatarta.

Ranar Talata ya koma gindin tanki, kamar yadda yakan yi. Ya tarar da wani baƙo, sabon shiga, hannu wofi, yana cin karo da bango. Zuciyar Bappa ta karye. Makiyaya suna da abin da suke kira habbanaye: wanda ba shi da komai, sai ka ba shi aron karsana ya riƙe har ta haihu, ya ɗauki 'yan maruƙa, ya dawo maka da uwar. Ba a rubutawa, ba a kiran shaida. Da haka mahaifin Bappa ya fara garke. Bappa ya ga a nan wurin dodanni ƙanana ne, Mai Tari za ta sake zama jaruma. Ya durƙusa sau biyu. Ya ajiye ta a ƙasa, ya ja da baya.

Baƙon ya ɗauka. Ya juya ta sau ɗaya. Ya taka zuwa wani inji da ke jikin bango, wanda ke niƙa bindigogin banza ya ba mutum guntayen ƙarfe. Bappa ya gane, ya danna duk abin da yatsunsa suka samu don ya hana, sai ya taɓa maɓallin da bai taɓa sani ba, mutuminsa ya kama rawa. Yana cikin rawar nan aka jefa ta. Ba ta yi tari ba. Ƙyas kawai ya ji, sai ƙarar injin. Baƙon ya tsaya ya taya shi rawa kaɗan, ya ɓace.

Fidelis ya bincika har la'asar ta wuce, ya ce ba ta dawowa. A nan ne hawayen da suka yi shekara guda da wata biyu suna jira suka zo, har Mairama ta fito daga cikin gida ta zauna a bakin zaure.

Marigayiyar ta bar bindigogi ɗari biyu da 'yan kai a rumbu, ciki har da wata mai ruwan zinare da ke tofa wuta, wadda Bappa bai taɓa sakin jiki da ita ba. Ta bar garkuwa ɗaya, da linzami mai lanƙwasasshen maɓalli. Ta bar wani suna a gefen allo, wanda a da yakan yi kore ranar Asabar, yanzu ya dushe ya zama ruwan toka.

Ga baƙon, in wannan takarda ta kai gare shi: an yafe. Bai san al'ada ba, kuma ba a gaya masa ba. In ya ƙera wani abu da guntayen ƙarfen nan, ɗan maraƙi ne, nasa ne, ya riƙe.

Babu gawa, kuma liman ya ce ba a yi wa bindiga salla, Bappa bai yi musu ba. Ranar Asabar bayan la'asar zai kai mutuminsa gindin tanki, ya tsaya hannu wofi har rana ta faɗi. Za a karɓi gaisuwa a zaure kwana uku. Akwai tabarma, akwai fura. Masu zuwa dariya su zo, ba a hana ba. Amma duk wanda ya zo, in ya gama da bindiga, ana roƙonsa ya zauna kaɗan ya ba da labarin wanda ya fara ajiye ta a ƙasa ya ja da baya, duk abin da ya tuna, ko ƙarami ne, don ubansa bai tambaya ba lokacin da ake iya tambaya.

Sunansa Sirajuddeen. Allah Ya jiƙan Sirajuddeen.