Gaisuwar da Ta Cinye Ciniki

Damina guda ina biyan wani mushe, wato malamin boko, yana koya mini Ingilishin kasuwanci, don in sayar da jakunkunan fatar Damagaram a ƙasashen waje. Ranar da wani Baturen Holan ya yarda mu yi magana ta bidiyo, na sa babbar riga, na tara maƙwabtan butik, wato shagona, su sha kallo.

Mushe ya ce, "Alhaji, mutanen nan ba su da lokaci. Ka shiga maganar kaya kai tsaye."

Na ce, "Ni jikan fatake ne, ba a koya mini ciniki."

Na gaida Bature da Ingilishi tsantsa. Na tambayi gajiya, da iyali, da sanyin garinsu. Da na tambayi tsohuwarsa, ya ce rabonsa da ita tun bara. Nan na gyara zama na shiga yi masa nasiha. Ina tsakiyar haƙƙin uwa ya dubi agogo, ya yi godiya, ya kashe. Ko jaka ɗaya ban ɗaga ba.

Har gobe ban ga laifina ba. Wanda bai san darajar uwarsa ba, ina zai san ta fata? Amma yanzu duk wanda ya gifta butik sai ya leƙo ya ce, "Limamin Holan, yaya tsohuwa?"