Ɗan Saƙon Gwaggo Zuwa Maraɗi

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Asabar a Ƙofar Kaura ba, ko da abokaina za su yi mini alfarma su manta (ba su manta ba, kuma babu alamar suna da niyya).

Mu takwas ne a Katsina masu manyan babura da ke fita yawo a ƙarshen mako, wannan satin Daura, wancan Dutsin-ma, mu sha fura mu dawo. Wata rana muna hutawa sai bakina ya ja mini. Na ce zagayen gida ya isa haka, mu ratsa ƙasar Nijar mana: mu fita ta Jibiya, mu bi Maraɗi da Ƙonni da Doso har Yamai, sannan mu juyo. Kwana goma cif. Kowa ya amince, aka ce tunda ni na kawo maganar, ni ne jagora.

Wallahi na ji daɗin muƙamin nan fiye da yadda ya dace da magidanci mai 'ya'ya uku. A ofis ko masinja ba ya ƙarƙashina, ga shi an damƙa mini mutum bakwai, har da Alhaji Lawal, tsohon darakta da ya yi ritaya yake zaune a GRA, mutumin da sai na rusuna nake gaishe shi.

Wata biyu ina tsari. Na zana hanya a takarda, na sa inda za mu sha mai, inda za mu yi azahar, da garin da za mu kwana. Na bi kowa sai da ya sabunta takardun babur ya nemo katin rigakafi. Na sa Sada, bakaniken cikinmu, ya duba sarƙa da birkin kowa. Sannan na kafa dokar da na fi alfahari da ita: kowa jaka ɗaya tal, kada ta wuce kilo goma, don kaya ke kayar da babur a doguwar tafiya. Har sikelin rataye na aro wurin wani mahauci saboda ranar tashi.

Alhaji Lawal ya kira ni a waya. "Jagora, ɗan matashin kaina hwa? Wuyana ba shi son matashin baƙunta."

Na gyara murya na ce, "Ranka shi daɗe, in na ɗaga maka ƙahwa sai na ɗaga ma kowa."

(Ni ne na faɗa wa darakta haka. Har yanzu in na tuna sai na rufe fuska.)

Inda na kwafsa shi ne wurin sallama. Ka san mutum ba ya tafiyar kwana goma bai bi gidajen dangi ya nemi addu'a ba. To ni addu'ar na je nema, amma rabin zuwan na burga ne. Sai na manta abin da kowane Bakatsine ya sani, cewa da wuya ka sami gida a garin nan da ba shi da ɗan'uwa a Maraɗi. Namu gidan kuwa kusan rabinsa yana can.

Na fara da Gwaggo Rabi, yayar mahaifina, wadda ta goya ni bayan rasuwar mahaifiyata. Na baje mata labarin ƙarfin babur, har na ce ya fi wata motar. Ta saurara, ta sa albarka, sannan ta ce, "Auta, Allah ya kawo ka. Ɗiyata Hadiza ta haihu can Maraɗi, akwai ɗan saƙo da za ka kai mata. Ba shi da yawa."

A raina na ƙiyasta ƙullin yaji ne da zan cusa a aljihu. Na ce, "Haba Gwaggo, mi ye a ciki? A kawo mani Ƙofar Kaura ran Asabar da sahe." Da gangan na ce a kai can, don ina son dangi su gan ni a gaban ayari. Gida biyar na shiga, gida biyar aka ce akwai ɗan saƙo, kuma ban tambayi ko ɗaya ko mene ne ba, domin ba a yi wa babba wannan tambayar.

Ranar Asabar na riga kowa zuwa. Na rataye sikeli a reshen wata darbejiya, na sa dattawa suka jeru da jakunkuna. Na sa Sada ya rage gwangwanayen madara. Na laluba jakar Alhaji Lawal na zaro matashin da ya naɗe cikin riga, na miƙa wa direbansa da ya rako shi, ina girgiza kai irin na malamin firamare. 'Yan kallo sun taru, ina tsaka da jawabi a kan ɗa'a da bin doka, sai ga keke-napep ya tsaya a bayana, ya rinjaya gefe guda don nauyi.

Gwaggo ce da kanta. Aka fara saukewa: buhun garin kunu, jarkar manja, babban bahon wankan jego, da tukunyar dafa ruwan zafi wadda ni kaina zan iya zama a ciki. Kafin in haɗiye yawu keke na biyu ya iso daga gidan Kawu, da kan keken ɗinki da naɗaɗɗiyar katifa. Na uku ya zo da kwanuka da talotalo biyu, an ɗaure musu ƙafa.

Talotalon suka ɓarke da kuka. Alhaji Lawal ya tako a hankali, fuskarsa babu alamar dariya.

"Jagora, ara mani sikelin nan."

Ya ɗauki talotalo ɗaya ya rataya, ya gyara tabarau ya duba. "Wannan kilo bakwai. Saura maka uku. Sada, miƙo mani katihwar."

Dariyar da aka fashe da ita har masu shayin tsallaken titi sai da suka taso. Sada ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki. Ni kuwa zufa ta jiƙa ni har cikin hular kwano. Na matsa kusa da Gwaggo na yi ƙasa da murya na ce kayan nan ba za su hau babur ba. Ita kuma ba ta iya raɗa ba.

"Ba kai ka ce mani ya hi mota ba? Na riga na buga ma Hadiza waya, tana nan tana jiranka!"

Na dubi abokaina ko za a rarraba kayan a tsakaninmu. Alhaji ya ce, "Da mun so mu taimaka, amma jagoranmu ya hana."

Nan na san jagoranci ya kuɓuce. Matar da ta goya ni ba zan mayar mata da saƙon jego a gaban jama'a ba, ko za a ba ni Yamai ɗin kyauta. Na ciro takardun tsarin da na yi wata biyu ina rubutawa na miƙa wa Alhaji. Na kai babur gida, na tafi tasha na shiga motar Maraɗi, kaya a bisa, talotalo a cinyata. Muna kan hanyar Jibiya suka wuce mu su bakwai a jere suna danna mini oda, Alhaji a gaba, matashinsa ɗaure a bayan kujera kowa na gani. Gaskiya na ji ƙwalla ta zo mini, fasinjan kusa da ni ya ɗauka talotalon ne ya cake ni.

Niyyata in sauke kaya in dawo a ranar, in hau babur in cim musu a Ƙonni. Ashe ban san Maraɗi ba. Kowane gida sai an yi mini tuwo, sai an kai ni gaida tsofaffi, sai an nuna ni ga maƙwabta a ce ga ɗanmu na Katsina. Kwana uku na yi. Da zan taho kuma kowane gida ya fito da nasa ɗan saƙon na mayarwa, ba shi da yawa. Motar da ta dawo da ni ta fi wadda ta kai ni nauyi.

Su kuwa sun je Yamai sun dawo lafiya, ko faci ba wanda ya yi. Sun ce tsarina ya yi kyau ƙwarai, ba su taɓa ganin tafiya mai daɗinta ba. Na gan ta duka a hotunan waya.

Bana muna shirin wata, kuma sun sake ba ni tsari (sikelin dai an ƙwace). Dangi har yanzu ina girmama su, addu'arsu ma ina so. Sai dai yanzu sai na dawo daga tafiya nake zuwa yi musu sallama.