Ƙafar Bi Mboja

"Ina kwana, amarya. Ina littafina?"

"Lafiya lau, mijin da ba cefane. Gaisuwar ke nan?"

Pandu ko zama bai yi ba. Saura kaɗan matan ƙungiya su hallara a gindin mangwaro su yanke inda za a ɗaure irin mwani na bana, ciyawar tekun da rabin ƙauyen ke ci da ita, kuma irin nan shi ne na ƙarshe a hannunsu. Wata tara ya yi yana shiga ruwa da ma'aunin zafi, yana rubutawa. Littafin ya nuna ƙarara cewa ruwan bakin gaɓa ya yi zafi, shi ke ruɓar da ciyawar, sai dai a koma can ciki mai zurfi. Jiya ya ba kakarsa Bi Mboja, shugabar ƙungiyar, ta duba. Yau ga ta zaune daram tana kankare kwakwa, wai ba ta san inda ya shiga ba.

"Wata tara kana tsoma tsinke a teku," in ji ta. "Da mace ce, da ta haihu. Kai me ka haifa? Lambobi."

"Ke fa? Shekara arba'in kina tsoma ƙafa, ga igiya goma, bakwai sun ruɓe."

"Baki aka yi mana."

"Bakin da ba ya kamawa sai rana ta take?"

"Da tsohuwar zuma ake magani, yaro."

"Wannan zumar ta tsinke. Sakinki zan yi in auri ma'aunin."

"Aure shi. Ya dafa maka shinkafa da kwakwa mu gani."

Ya ɗaga tabarma, ya leƙa bayan randa, ya dawo ya leƙa hanya. Mata har sun fara wucewa biyu-biyu. Ya san halinsu sarai: abin da Bi Mboja ta ce shi ne, ko da takarda ta yi magana da baki. Hankalinsa ya tashi, sai ya fito da makamin da ya ɓoye. Ya gaya mata shafin ƙarshe ba teku ya auna ba, ita ya auna. Da, sai ruwa ya ciko ya kore ta take fitowa. Bana kuwa duk ranar da ma'auni ya hau, tun hantsi take tattara igiyoyinta tana mitar ƙafa na mata zafi.

"Ƙafarki da tsinkena bakinsu ɗaya. Jiki magayi, amarya."

Kankarar kwakwa ta tsaya. Ta daɗe tana kallon ƙafar, kamar wadda ta kama ɓarawo a cikin gida.

"Na sa an karanta min jiya," ta ce a hankali. "Ban ce ƙarya ne ba. Amma can ciki ruwa ya shanye tsayina. Mu goma sha ɗaya, ba wadda ta iya iyo. Littafinka ya rubuta wannan?"

Bai rubuta ba. Kunya ta rufe shi, don ya auna komai ban da masu shiga ruwan. Ya sosa ƙeya ya ce za a nemi kwalekwale, kuma shi da kansa zai koya musu iyo, ko da sai ya goya su ɗaya bayan ɗaya.

"Kai da kaza ke kayarwa?"

Ta ɗan ɗaga cinya, ta zaro littafin daga inda ta danne shi tun asuba, ta miƙa masa da ɗuminsa.

"Ungo, auna zafin wannan ma. Buɗe sabon shafi ka rubuta: tsofaffi goma sha ɗaya, ba iyo. Ka karanta wa matan duka biyun, lambobinka da wannan, ba zan tare ka ba." Ta cusa masa ɓarin kwakwa a baki tana dariya. "In kuma na nutse, kai za ka yi min takaba."