Duniyar da Na Gano a Treichville

Tun da iyalina suka koma Kano, ba ni da abokin hira a unguwarmu ta Treichville sai madubin hangen taurari da na sayo a kasuwar Adjamé. Na karanta cewa idan wata duniya ta gitta gaban tauraronta, haskensa yakan ɗan ragu. Ni kuwa a saman benenmu, kyamarar da na maƙala wa madubin ta nuna wani tauraro yana dusashewa kullum bayan isha'i.

Ban yi wata-wata ba. Na zuba babbar riga, na tare mahautan unguwa a ƙofar masallaci, mutanen da gaisuwa kawai ke haɗa mu, na sanar da su na gano sabuwar duniya. Wani har da kabbara.

Washegari suka biyo ni saman bene, tauraro kuwa ya ƙi dusashewa. Can sai Malam Isuhu, mai balangun ƙasan benen, ya ce, "Alhaji, ai yau ban hura wuta ba, ga ni nan tare da kai." Ashe hayaƙinsa nake aunawa.

Har yau ni kaɗai nake hawa benen. Amma kafin Isuhu ya ƙyasta ashana, sai ya ɗaga murya: "Alhaji, a shirya, duniya za ta fito!"