Ranar da na tsayar da taransfoma a sama

Ba zan taɓa mantawa da zuwana Lyon ba, ko da kuwa Habibu ya yi alkawarin ya manta.

Lokacin muna shirin aure. Ina La Courneuve, kusa da Paris, shi kuma kamfaninsu ya tura shi Lyon. Aikinsu loda kayan da suka fi ƙarfin kwantena: injinan masana'anta, taransfoma mai girman ɗaki. A ɗora su a bato, wato jirgin ruwan dako, a gangara kogi da su har teku, inda babban jirgi mai ƙugiyoyin ɗaga kaya yake jira.

Kullum a waya zancensa ɗaya: Camille, injiniyarsu. "Camille ta auna, Camille ta ce." Ni da na girma da littattafan soyayya, ai na san ƙarshen irin wannan labari (har na fara tsara kukan da zan yi a bakin taga).

Na sha lalle, na zuba turare, na hau jirgin ƙasa na TGV ba tare da na gaya masa ba.

Da na isa wurin aikinsu a bakin kogi, mai gadi ya ba ni hular kwano, ta ƙi zama a kan ɗaurin ɗankwalina. Ya tsayar da ni bayan igiya. Can na hango taransfoma tana lilo a sama, kowa ya yi tsit. Ga Habibu, ga wata doguwa ta riƙo hannun rigarsa tana jan sa baya.

Na ɗaga hannu biyu ina kaɗa gyale. "Habibu! Ga ni nan fa!"

Ashe a wurin nan, duk wanda ya kaɗa hannuwa haka, ko baƙo ne, haɗari yake sanarwa. Injin ɗaga kayan ya tsaya cak. Ƙararrawa ta ɗauka. Maza suka rugo suna tambayata me na gani ya tsinke.

Doguwar nan, wato Camille, ce ta fara isowa, tana haki. "Madame, ina matsalar?"

"Babu," na ce. "Gaisuwa ce."

Habibu ya rufe fuska da hula. "Balkisa, don Allah, a ƙarƙashin kaya na tsaya, ta janye ni!"

Bai rasa aikinsa ba, aure ma an ɗaura. Amma daga ranar na koyi cewa idan mace ta ja mijinki, ki fara duba abin da ke bisa kansa tukuna.