Fashin da surukina ya shirya a ƙarƙashin darbejiya

Ba zan taɓa mantawa ba da la'asar ɗin da na tabbatar wa kaina cewa na aurar da 'yata ta fari ga ɗan fashi.

Na je Bande yi mata wankan jego. Mijinta mushe ne a lekwal, wato malamin makarantar boko, mutum mai shiru. Suruki ne, ba na kiran sunansa, ba na duban fuskarsa, ko gaisuwa ta bayan zana muke yi. Rannan ina hura wutar ruwan wanka, sai na jiyo shi a ƙarƙashin darbejiya yana magana ƙasa-ƙasa da waya. (Ni ba na laɓe. Kunnena ne ba ya barci.)

"Mu huɗu kaɗai, doka ta hana biyar," in ji shi. "In ya ɗaga hannu, kada wanda ya harbe shi. Baƙon da ya shigo gari yau ba a tare shi. Kuma ba a kwashe wa mutum kaf, a bar masa na komawa gida."

Mafici ya faɗi daga hannuna. Na tuna yadda ake tare masu moto, wato babur, a hanyar kasuwa, na tuna abin da mutane ke yi wa ɓarawo in sun kama shi kafin jandarma su iso. Ga jaririya ko cibiya ba ta faɗi ba. Sai na ji ya ƙara da cewa, "Gobe bayan an tashi lekwal."

Da ɗana ne, da na finciko shi na tambaya. Amma suruki? Da wane baki? Ita kuma maijego, na ji tsoron in na faɗa mata nono ya ƙafe. Sai na yafa zane na nufi gidan maigari, ƙafa ba takalmi. Ban same shi ba, na tarar da uwargidansa, na zayyana mata abin da na ji, na ce ta rufa mana asiri.

Kafin kashegari magana ta zaga gari, rabin yaran ajin surukina ba su je lekwal ba.

Da hantsi maigari ya tara mu a zaure: liman, mahaifin surukina, da ni a lungu. Surukina ya cire takalmi ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, wasa ne na cikin waya," ya ce. "Gari ne na ƙarya. Wani ya zama ɗan sanda, wani mai kanti, wani ɓarawo. Dokokin don kada a zalunci abokin wasa ne. Wanda ya karya, a kore shi."

"Nuna wa Inna," in ji maigari.

Wayyo ni. Shekara uku ban ga ƙwayar idon bawan Allahn nan ba, sai ga mu gwiwa da gwiwa, yana miƙo mini waya. Wasu 'yan mutane ne kamar 'yar tsana, suna gudu a kan titi.

"Wanne ne kai?" na ce, kaina a ƙasa.

"Mai jar hular, Inna."

Liman ya rufe baki da rawani, kafaɗunsa na rawa. Mahaifin surukina bai yi dariya ba. Cewa ya yi, "Hajiya, sunan ɗana fa ya riga ya kai har garin Yekuwa."

Gida goma sha ɗaya na shiga da ƙafata, ina cewa, "Ni ce na yi kuskure, ku mai da yaranku wurin mushe." Wata tsohuwa har ta tambaye ni ko an ba ni kasona ne na canza magana.

Har yau kunnena bai daina aiki ba, kada in yi muku ƙarya. Amma na gane kunyar tambaya ɗaya ta bayan zana ta fi ta gida goma sha ɗaya sauƙin haɗiya.